Yadda Za Ka Tsuke Bakin Aljihun Gidanka Ba Tare da Ka Taɓa Naka Ba

Ɗan'uwa, matso kusa. Aurenka shekara biyu ko uku, an samu ƙaruwa, albashi kuma yana shigowa ranar ashirin da takwas ya fice ranar talatin ko sallama babu? In wayarka ta yi ƙara sai ka leƙa lambar da ido ɗaya? To, kakarka ta yanke saƙa. Ga matakai tara. Bi su ɗaya bayan ɗaya, kada ka tsallake ko guda, ni kuma na ba ka tabbaci: cikin wata uku kashe kuɗi zai ragu a gidanka har maƙwabta su shaida. Ba a taɓa gwadawa an faɗi ba.

Ba daga littafi aka kwaso wannan ilimi ba. Masu rubuta littafi ba su taɓa laɓewa bayan ƙofa suna riƙe numfashi ba. Daga wurin gwani aka samo shi, wani matashin magidanci da unguwa ke kira Gobe-da-safe, saboda amsar da yake ba duk wanda ya biyo shi bashi. Yana aiki a wata ƙaramar maɗaba'a inda ake buga katin gayyata da kalanda. Gidan haya yake zaune, ɗaki da falo, shi da matarsa da 'yarsu Lele mai shekara ɗaya da rabi.

Matar kuwa Mai-ƙanƙara ake ce mata. Tana da babban firji a lungun falo, irin mai buɗewa ta sama, tana ƙulla ruwa a leda ya daskare ta sayar. Firjin nan na bashi ne, biya wata-wata har wata goma sha biyu, kuma yayanta mai walda ne ya tsaya mata a wurin mai shagon kayan wuta. An biya wata bakwai. Sharaɗin a rubuce yake: in aka tsallake wata uku a jere, a zo a ɗauke firji, abin da aka biya kuma ya bi ruwa. Riƙe wannan a ranka. Mu je.

Mataki na 1: Kira taro

Tsuke bakin aljihu ba da aljihu ake fara shi ba, da jawabi ake farawa. Bari sai an ci an sha, ka gyara zama, ka ɗauko biro da sabon littafi. Sabo na ce, mai bango mai kauri. Wanda zai rage kashe kuɗi dole ya fara kashe wani abu, don a san da gaske yake.

Gobe-da-safe ya yi gyaran murya. "Maman Lele, ajiye ledar nan ki saurare ni. Gidan nan ana ɓarna."

Ba ta ajiye ba. Tana kan kujera 'yar tsuguno, bokiti a gabanta, tana ɗura ruwa tana ƙullewa. "Ina jin ka, Baban Lele. Ai ba da kunne nake ƙulli ba."

"Na zauna na yi lissafi. In muka ci gaba a haka, kafin ƙarshen shekara sai dai mu ci kujerun nan."

"Su ma ba a gama biyansu ba."

Kada ka tanka irin wannan. Washegari gwaninmu ya dawo daga aiki da takarda mai launin ja da shuɗi, an lulluɓe ta da roba sai ƙyalli take, ya manna a jikin ƙofar falo. A sama an rubuta ƘA'IDOJIN GIDA. Guda goma sha biyu ne, ta farko kuma ita ce uwarsu: duk abin da ke ci ba ya kawowa, a fitar da shi. Can ƙasa, da 'yan ƙananan baƙaƙe, akwai layin da yake sawa a gindin kowane aiki da ya fita daga hannunsa: "Don aiki mai tsafta, kira," sai lambar wayarsa. Mai maɗaba'a ya yi masa faɗa a kan layin nan har ya gaji. Hannunsa ya riga ya saba, ko katin ta'aziyya ya buga sai ya sa.

Mataki na 2: Ware abubuwan da ba a taɓawa

Kafin ka ɗauki almakashi, san inda ba a yanka. Akwai kashe kuɗi, akwai kuma martabar gida, jahili ne kawai ke haɗa su.

Aski sau biyu a mako martabar gida ce. Turare martabar gida ne. Data kuwa ai da ita ake neman hanyoyin samu, ko da hanyoyin duk bidiyon dariya ne. Gasasshiyar kaza a hanyar dawowa daga aiki magani ce, domin maigida in ya rame, duk unguwa matarsa za a zaga. Ka ci a can, ka goge baki, ka tauna citta.

Sai babbar martaba: talabijin. Ta Gobe-da-safe ta kusa cika bango, ga akwatin tashoshi a ƙasanta, ga sifika biyu tsaye dama da hagu kamar masu gadi. Da kuɗin da ya ranta wurin kashiyan maɗaba'a ya saye su, kuma har yau kashiya in ya gan shi sai ya yi ajiyar zuciya. Duk Asabar abokai biyar suna cika falo kallon ƙwallo, a shimfiɗa ƙafafu, a buɗe firjin Mai-ƙanƙara a sha ruwan sanyi kyauta. Kuɗin tashoshin ƙwallo duk wata ba ya shiga littafi. Abin da bai shiga littafi ba, ba a kashe shi ba.

Mataki na 3: Auka wa ƙananan abubuwa

Yanzu ɗauki almakashi ka nufi madafa. Ƙananan abubuwa ba su da baki, ba sa kai ƙara.

Sabulu a yanka shi uku. Albasa ɗaya ta yi kwana biyu. Jakar shayi a tsoma ta sau biyu, a rataye, ta uku na nan tafe. Ashana a ƙirga ta. Gobe-da-safe har layi ya ja da biro a jikin kwalbar mai, yana dubawa kullum kamar likita da ma'aunin zafi.

"Maman Lele, man nan ya sauka fiye da yatsa ɗaya."

"Ƙwai biyu ka ce a soya maka da safe."

"To a soya da hikima."

"Gobe sai ka sayo mana hikimar, tamu ta ƙare."

Ranar da ya ga tana auna wa Lele madara cokali uku, sai ya tsaya a kanta, hannu a baya. "Biyu da rabi ma ai madara ce. Yarinya ba ta iya ƙirga ba." Mai-ƙanƙara ta ɗago ta dube shi, irin kallon da ke sa kare ya sauya hanya, ta ƙara na huɗu. Nan ka koyi darasi: akwai yaƙin da ake ja da baya. Ka je ka rama a kan ashana.

A ƙarshen wata ka haɗa abin da aka tattala. Zai kai kuɗin kaza ɗaya. Ka cancanta, je ka ci.

Mataki na 4: Karkasa masu bin ka bashi

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma ba kowa ya iya zama da shi ba. Kada ka jera masu bin ka bisa yawan kuɗinsu, wannan aikin 'yan makaranta ne. Jera su bisa ƙarfin murya.

Kashi na farko, masu ƙara. Tela ne shugabansu. Shi ba ya sallama, daga bakin layi yake fara kiran sunanka, har da lissafa kala da adadin rigunan. Waɗannan ana jefa musu wani abu lokaci-lokaci, kamar yadda ake jefa wa kare ƙashi.

Kashi na biyu, masu kunya: kashiya, da mai kantin unguwa wanda ya san mahaifinka. Su gaisuwa ce haƙƙinsu. Riga su gaisuwa, tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, tambayi ƙafar da ke ciwo, har sai ya ji nauyin tada maganar. Mai kunya ya riga ya yafe, bai dai sani ba tukuna.

Kashi na uku, masu takarda. Su ba sa ihu, ba sa zuwa, sai dai su rubuta su rufe littafi. Gobe-da-safe ya duba ya ga waɗannan su ne mafi sauƙin hali a duniya, ya sa su a ƙarshen layi. Mai shagon kayan wuta yana cikinsu.

Kuma ka san hanyoyi uku zuwa gidanka. Mai hanya ɗaya bai shirya zaman aure ba.

Mataki na 5: Koyi juya kuɗi

Kuɗi kamar ruwa ne, inda ake ƙishi ake kai shi. Shagon kayan wuta yana kusa da maɗaba'a, don haka duk ƙarshen wata Mai-ƙanƙara takan ƙulle kuɗin firji a leda ta ba mijinta ya biya a hanya, ya kawo mata rasit. Wata bakwai yana kawowa: 'yar takarda mai maiƙo, rubutun hannu kamar tafiyar kaza, da hatimi wanda rabinsa bai fito ba. Tana adana su a gwangwanin madara.

A wata na takwas, yana fita da ledar a aljihu sai ga tela a bakin layi, ya riga ya cika ƙirji da iska. To me za ka yi? Firji ba ya ihu. Gobe-da-safe ya ɓare ledar ya rufe bakin tela, ragowar ta tafi tashoshin ƙwallo. Ba sata ba ce, aro ne daga wata mai zuwa.

Sai maganar rasit. Nan ne ake gane mai sana'a. Lokacin hutun rana ya zauna gaban kwamfuta ya tsara rasit, da sunan shagon cikin manyan baƙaƙe, da hoton firji, da zanen furanni a gefe, da hatimi zagayayye cif. Ya buga a takarda mai santsi.

Mai-ƙanƙara ta juya ta gaba da baya. "Yau kuma sabon salo?"

"Sun ci gaba. Duniya ba ta jiran kowa, Maman Lele."

"Allah ya ƙara musu buɗi." Ta jefa a gwangwani, ta koma kan ledojinta.

Abin da aka yi sau ɗaya ya tafi lafiya, ai ya zama tsari. Wata na tara ma haka. In mai shagon ya bugo waya, ka san amsar, sunanka ne.

Mataki na 6: Nemo ɓarawon gida

Za ka lura duk da sabulu da albasa, aljihunka bai yi nauyi ba. Kada ka zargi kanka. Akwai ɓarawo a gidan, nemo shi.

Mitar wutarsu irin ta kati ce, tana jikin bango a waje, da 'yar jar fitila da ke ƙiftawa gwargwadon wutar da ake sha. Wata Lahadi Gobe-da-safe ya tsaya gabanta yana kallo: ƙif, ƙif, ƙif, kamar zuciyar wanda ya hango mai gidan haya. Ya shiga ya kashe fanka, ya fito. Tana nan tana ƙiftawa. Ya koma ya zare firji, ya fito. Sai fitila ta huta, ta yi ƙif, ta tsaya tunani, can ta sake ƙif. Talabijin bai gwada ba, ana wasa a lokacin.

"Na kama shi!" Ya faɗo falo yana nuna firji. "Kusan shekara guda ina ciyar da ƙato a gidana!"

"Ƙaton nan shi ke ciyar da kai," in ji ta. "Shinkafar jiya waye ya saya? Gas ɗin wancan mako fa? Kunzugun Lele?"

"Nuna mini a littafi."

"Ai a tukunya suke shiga, ba a littafi ba."

"To ka ji. Ni kuɗin wuta daga hannuna yake fita, ina gani. Na ƙanƙara ban taɓa ganin ƙeyarsa ba."

Rubuta wannan da jan biro, domin shi ne ƙashin bayan duk ilimin: kuɗin da bai bi ta hannunka ba, ba kuɗi ba ne. Abinci kuwa kowa ya san daga madafa yake fitowa.

Mataki na 7: Zartar da hukunci, kada ka ji tausayi

Doka ta fita: firji zai huta daga ƙarfe tara na safe zuwa biyar na yamma.

"Baban Lele, ƙanƙara ba ta daskarewa da hutu. Sai ta kwana ta wuni wuta na ci."

"Sanyi yana da ƙafa ne? An rufe murfi, ina zai je?"

Soket ɗin yana nesa da lungun, da doguwar waya ake jona firjin. Don haka kowace safiya gwaninmu yakan naɗe wayar ya sa a jakar aiki tare da abincin rana, ya kwafi lambar mita a tafin hannu, ya fita yana fito. Mai-ƙanƙara ta bi shi da ido. Ta yi magana ranar farko, ta yi ta biyu, ta uku ta yi shiru don a zauna lafiya. Kada shirun mace ya dame ka. Alamar ta gamsu ce.

Babbar mai sayen ƙanƙararta wata dattijuwa ce mai sayar da ɗanyen kifi a bakin kasuwa, kullum ƙulli ashirin take ɗauka. Kwana huɗu da fara doka sai ga ta da yamma, gwaninmu na dawowa kenan, da leda a hannu tana jijjigawa. Ruwa ne zalla, da ɗan ɓawon ƙanƙara yana yawo a ciki kamar farce.

"'Yata, wannan mene ne? Kafin rana ta take kifina ya fara gaisawa da mutane daga nesa! Rabin tire na zubar!"

"Ki yi haƙuri, Inna. Ga mai dokar nan, tambaye shi."

Gobe-da-safe ya gyara wuyan riga. "Inna, gyara ake yi. Tsarin tattali ne na zamani."

Dattijuwa ta dube shi daga sama har ƙasa, ta tsaya a kan wayar da ke leƙowa daga jakarsa. "Ɗan nan, kai ne ka yanka kaza don ka rage kuɗin dawa? Allah ya shirya." Ta ajiye ledar a kan takalminsa ta tafi, ta koma sayen ƙanƙara wani wuri. Masu sayar da lemo su ma suka bi ta.

Ƙarshen wata na goma ya zo, ciniki bai kai rabi ba. Mai-ƙanƙara ta zauna ta ƙirga ta sake ƙirgawa, sannan ta cire 'yan kunnenta, waɗanda mahaifiyarta ta ba ta, ta fita da su. Da ta dawo ta miƙa masa ledar a cike. "Saura biyu bayan wannan. Don Allah ka biya yau, ka karɓo rasit."

Ya ga kunnuwan babu komai. Har ya ɗan ji wani abu a ƙirji, amma abin bai kai bakin layi ba ya wuce. Mai gidan haya na jira, kuma an shiga makon wasannin ƙarshe. Rasit na uku ya fi na baya kyau, har da ruwan zinare a gefe.

Mataki na 8: In baƙi sun zo, tsaya kan bakanka

Rana dubu ta ɓarawo, ka san sauran. Amma kai ba ɓarawo ba ne, mai tattali ne, don haka kada ka firgita.

Asabar ce da hantsi. Gobe-da-safe yana goge fuskar talabijin da tsumma kafin abokai su iso, sai aka yi sallama. Mai shagon kayan wuta ne, siririn mutum mai tabarau, da littafi a hammata. Bayansa mai amalanke. Bayan mai amalanke kuma Yaya mai walda, da kayan aiki a jikinsa, damatsansa kamar turmi. Mai shagon ya gaji da jin gobe da safe, ya kira wanda ya tsaya wa Mai-ƙanƙara.

"Mun zo ɗaukar firji," in ji mai shagon, cikin ladabi. "Wata uku ba a biya ba."

Mai-ƙanƙara ta fito da Lele a kafaɗa. "Wane wata uku? Malam, ka duba littafinka da kyau." Ta ɗauko gwangwani ta zazzage a kan tebur. Bakwai masu maiƙo, uku masu ƙyalli.

Mai shagon ya ɗauki ɗaya mai ƙyalli, ya gyara tabarau, ya shafa ruwan zinaren da yatsa. "Kai, madalla. Wannan rasit ya fi ƙarfin shagona. Ni da zan iya buga irin wannan, ai da na daina sayar da soket."

"Wataƙila wani ma'aikacinka ne ya karɓa," in ji Gobe-da-safe. "Mutanen yanzu ba amana."

"Ni kaɗai ne a shagon, sai kyanwa."

"To 'yan damfara ne. Sun cika gari. Ni ma an cuce ni kenan."

"Haka ne," in ji mai shagon. Ya kai takardar kusa da hanci. "Amma ɗan damfarar nan mutumin kirki ne, ya bar mana lamba. Ga shi can ƙasa: don aiki mai tsafta, kira." Ya ciro wayarsa yana dannawa a hankali, lamba ɗaya bayan ɗaya.

Sai waƙa ta tashi daga aljihun Gobe-da-safe, mai daɗi, da ganguna. Lele ta fara tafi.

A irin wannan hali kada ka ɗauka. Bari ta yi ta kaɗawa. Ta yiwu wani ne daban.

Yaya ya ajiye gilashin waldarsa a kan kujera, a hankali. "Ƙanina, ɗauki mana. Ana neman mai aiki mai tsafta."

"Yaya, wallahi niyyata gobe da safe..."

"Bari, Yaya," in ji Mai-ƙanƙara. Ba ta ɗaga murya ba. Ta taɓa kunnenta sau ɗaya, ta miƙa wa yayanta Lele, ta je ta ɓamɓaro takardar ƙa'idoji daga jikin ƙofa ta ba mijinta. "Baban Lele, kai ne mai ilimin gidan. Karanta mana ta farko."

"Maman Lele, wannan maganar cikin gida ce."

"Ai a cikin gidan muke. Karanta."

Ya dubi Yaya. Ya karanta, murya kamar ta sauro. "Duk abin da ke ci ba ya kawowa, a fitar da shi."

"Madalla." Ta juya wurin mai shagon, ta nuna bango. "Malam, wannan da akwatinta da masu gadinta biyu, nawa za su yi a wurinka?"

Mai shagon ya zagaya talabijin, ya leƙa bayanta, ya ƙwanƙwasa sifika. "Za su share wata ukun, su ɗauki na sha ɗaya. Saura wata guda."

"Ban gama biyan kuɗinta ba fa!" in ji Gobe-da-safe.

"Ai ka saba," in ji Yaya.

Abokai biyar suka iso daidai lokacin da ake ɗaure talabijin a amalanke. Suka tsaya, suka duba agogo, kowa ya tuna yana da uzuri.

Da mai amalanke ya dawo karɓar ladansa, Mai-ƙanƙara ta ce ya dakata, akwai sawu na biyu. "Firjin ma fita zai yi. Inna mai kifi ta daɗe tana cewa akwai lungu da soket a rumfarta. Ba na sake barin abincina ɗaki ɗaya da mai yawo da waya a jaka." Ta miƙa hannu. Ya buɗe jakar aiki ya ciro wayar ya ba ta, a naɗe tsaf.

Mataki na 9: Girbi abin da ka shuka

Yanzu duba sakamako, ka faɗa mini ko na yi maka ƙarya. Kuɗin tashoshi ya tafi. Abokan Asabar sun tafi. Jar fitilar mita sai ta yi ƙif, mutum ya je wanka ya dawo kafin ta sake. Kaza ma ta tafi, domin Yaya ya gano hanyoyin nan uku, kuma duk ranar albashi yana tsaye a ƙofar maɗaba'a yana tambayar lafiyar 'yan kunnen ƙanwarsa. Kashiya na nan yana ajiyar zuciya a kan talabijin da ke bangon wani. Takardar ƙa'idoji an mayar da ita jikin ƙofa, Mai-ƙanƙara ta ce a bar ta, tana da amfani. Abinci dai ana zuba masa, don kada Lele ta tashi ta ga ubanta da rama.

Wata Asabar rana ta take, falo kamar tanda, ruwan randa kamar shayi. Gobe-da-safe ya zauna yana kallon ƙusoshi huɗu a bango har ya gaji, ya sa takalmi ya nufi bakin kasuwa. Ya tarar da layi a rumfar mai kifi. Firji na gurnani a lungu, an manna rasit na sha biyu a murfinsa, mai maiƙo, da rabin hatimi. Matarsa na miƙa ƙanƙara mai tauri kamar dutse, Lele na wasa da murfin kwalba a kan tabarma. Ya bi layi. Da aka zo kansa ya yi murmushi irin na 'yan gida.

"Maman Lele, a ba ni mai sanyi ɗaya."

Ta miƙa tafin hannu.

"Haba, ni ne fa."

"Na gane ka, Baban Lele. Shi ya sa."

Ya laluba aljihun dama, ya laluba na hagu. "To ki rubuta, gobe da safe..."

"Allah ya kai mu," in ji ta, ta rufe murfin firji. "Ka zo goben, za ta fi daskarewa. Na baya, matso."

Tsame hannu

Mai wannan jagora alkawari ɗaya ya yi, cewa kashe kuɗi zai ragu, kuma ya ragu. Bai ce da talabijin za a gama ba, bai ce da mutunci ba. Duk wanda ya bi matakan nan ya wayi gari yana kallon bango, ko surukinsa ya zama mai walda, ko wayarsa ta yi waƙa a inda bai kamata ba, tsakaninsa da aljihunsa ne. Ba a karɓar ƙorafi, ba a mayar da kuɗi, ba a ba da aro. Wanda kuma ya ga lallai sai an biya shi diyya, ƙofa a buɗe take, ya zo gobe da safe.